Askar Tsohon Direba

Ɗan kawuna, wanda duk gidanmu ke kira Sai-a-Hankali, mai aski ne a layin bayan tasha. Mutum ne da in ka aike shi sayen madarar jariri, kafin ya dawo yaron ya fara tafiya. Ni ban yi nisa a boko ba, amma na rantse ko kunkuru zai kai shi ƙara don ya tare masa hanya.

Shagon nasa kujera ɗaya ce da benci da madubi mai tsaga a gefe. Shekara ashirin yana aski, amma abin da aka san shi da shi goge asake ne, irin na ƙarfe da ake kwancewa a sa reza. Kayan aikin ba su wuce kwanon ruwan ɗumi da sabulu ba, sai burushin haƙorin jarirai, da tsumman singileti da ya sha wanki har ya yi laushi, da ɗigon man keken ɗinki. Yakan ce hasken nan da ke jikin aska ruwan azurfa ne aka shafa, bai kai kaurin ɓawon albasa ba, ƙarƙashinsa tagulla ce. Dauɗa ake cirewa, in ka matsa sai ka cire askar.

Wata rana wani tsohon direba ya kawo tasa a naɗe cikin hankici. Ta yi duhu, ga wani baƙin tabo a wuyanta.

"Ta mahaifina ce," in ji shi. "Ko hotonsa ba ni da shi, ita kaɗai ta rage. A tsabtace min, amma don Allah a lallaɓa ta."

Kwana biyu ɗan kawuna yana jiƙawa, yana shafawa gefe ɗaya kamar mai lallashin amarya. Ko'ina ya yi haske, ban da tabon.

"Kai malam," na ce, "wannan shafar ko sauro ba za ta kora ba. Sa ƙarfi mana!"

"Taubashi, rufe min baki. Tabon nan a nan zai zauna."

Da ya tafi ɗauko 'yarsa daga makaranta, sai na ce bari in nuna masa aikin maza. Na aro soson ƙarfe wurin mai shayin da ke maƙwabtaka da shi. Sau uku kacal na goga. Baƙin ya tafi, sai ga jar tagulla ta leƙo, faɗin ƙwayar wake.

Ya dawo ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya daɗe yana kallo. Da zagina ya yi da na fi jin daɗi.

"A shafa mata fenti," na ce. "Ko mu nemo irinta a kasuwa, idon tsoho ba zai gane ba."

"Hannunsa zai gane."

Washegari direban ya zo. Ɗan kawuna bai ambaci sunana ba, ga ni kuwa a kan benci na sunkuyar da kai ina ƙirga tayil ɗin ƙasa.

"Baba, na yi maka ɓarna. Na ajiye ta inda bai kamata ba."

Tsohon ya juya askar, ya riƙe ta yadda ake riƙewa in za a yi aski. Babban yatsansa ya sauka daidai kan tagullar, ya rufe ta ruf.

"Nan yake riƙewa," ya ce a hankali. "Baƙin nan gumin hannunsa ne."

Sai a lokacin na gane ɗan kawuna ba kasa cire tabon ya yi ba.

Tsohon ya naɗe ta a hankicinsa, ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya fita. Shekara shida ke nan ana yi masa aski a shagon nan duk ƙarshen wata. Yanzu in ya zo wucewa yakan ɗaga hannu daga tsallaken titi, ɗan kawuna ya ɗaga masa, amma bai sake zama a kujerar ba.