Karatun Torfi a Motar Share Ƙanƙara

Mu mutanen Siglufjörður, wani ɗan gari a bakin teku can arewacin duniya, ba ma wasa da littafi, ko dai in ce ba ma wasa da sayensa. Ranar jajibirin Kirsimeti, da an ci naman rago mai hayaƙi an buɗe kyaututtuka, kowa zai ɗauki littafin da aka ba shi, ya jawo kwalin cakulan kusa, gida ya yi tsit. Haka muka tarar, haka muke gaya wa duniya, duniya kuma ta yarda.

Torfi Ketilsson, direban motar share ƙanƙara ta gari, ya fi kowa iya wannan zama. Ga kujera kusa da taga, ga gyaran tabarau, ga ɗan tari irin na masu ilmi. Sai dai tun yana makaranta jininsa bai haɗu da rubutu ba. Mutumin da zai wuni a bakin sitiyari yana ture ƙanƙara ido garau, da ya buɗe littafi sai hamma. A shafi na farko kai ya yi nauyi, a na biyu littafin ya zama murfin fuska.

Wannan bai taɓa hana shi sharhi ba. A kwamin ruwan zafi na gari, inda maza ke jiƙa kansu da safe suna gyara ƙasa da baki, Sturla mai sayar da kifi yakan tambaye shi, “To tsoho, yaya littafin bana?”

Torfi zai lumshe ido ya ce, “Farkonsa da nauyi. Amma ƙarshen, kai!” Sai ya girgiza kai. Da wannan magana ɗaya ya haye kowane Kirsimeti tun yana ango.

Matarsa Oddný ce mai karatun gaske. Kowace shekara takan karɓi sabon littafi ta yi godiya, ta ajiye shi gefe, ta ɗauko wani tsoho mai jan bango da ta gada daga uwarta. Labarin wa da ƙane ne masu gaba a kan kwalekwale, irin tsofaffin littattafanmu da sai an gama lissafa kakannin mutum da shanunsu kafin shi mutumin ya ce uffan. In ba ta karanta shi ba, a wurinta Kirsimeti bai zo ba.

Bana yanar ido ta rufe mata gani, likita kuma ya ce aiki sai bazara. ’Yarsu ta bugo waya daga Reykjavík ta ce akwai littafin na saurare a waya. Oddný ta ce ba a kawo mata muryar baƙon namiji cikin falo ranar Kirsimeti.

Da aka gama cin abinci ta ɗauko jan littafin. Ta kai shi bakin hanci, ta nesanta shi, ta karkata wajen fitila. Can ta rufe shi ta ɗora a cinya, ko cakulan ba ta taɓa ba. Torfi ya leƙo ta saman nasa littafin, wanda bai riga ya faɗo masa a fuska ba.

“Kawo in karanta miki.”

“Kai?”

“Da wa? Kyanwa?”

“Ita aƙalla takan kai tsakiyar shafi.”

Ya karɓa, ya gyara murya, ya fara da ƙarfi kamar mai sanarwar mutuwa a rediyo. Bai farka ba sai da ta zungure shi da sandar saƙa.

“Masoyi, ka bar kakan mutane tsaye a bakin teku.”

Ya gwada a tsaye, ya yi barci a tsaye kamar doki. Ya buɗe taga, sanyi ya shigo ya kashe kyandir, shi kuwa ko gezau, har da minshari. Oddný ta miƙa hannu.

“Bar shi kawai. Allah ya kai mu baɗi.”

Muryar da ta faɗi haka da ita ce ta tsaya masa a rai. Ya dubi taga. Ga motarsa a ƙofar gida, wuri ɗaya tak a duniya da barci bai taɓa samunsa ba.

“Sa rigar sanyinki. Ɗauko bargo da cakulan.”

A wannan maraice da ko kare ba ya haushi a gari, suka shiga motar ya tayar da ita, sai ga rurin inji ya cika unguwa. Labule ya ɗaga a kowane gida. Sturla ya fito da kwat ɗin coci da silifa.

“Kai Torfi, ka haukace? Hanyar ai a share take!”

Torfi ya zuge gilashi. “Karatu muke, jahili! Koma ciki.”

Kujera na karkarwa, warin man dizal na tashi, littafi a kan sitiyari, idon Torfi garau. Sau ɗaya ya gwada haɗa shafi uku ya juya.

“Ka tsallake mutuwar saniyar,” in ji Oddný, ido a rufe.

“Ai ta riga ta mutu.”

“Koma ka binne ta.”

Haka suka riƙa yi kowane maraice. Abin ma ya fara shiga ran Torfi. Wata safiya a ruwan zafi ya ce, “Sturla, tsakani da Allah, ƙanen nan da ya ɓoye filafilan tuƙa kwalekwalen, ya kyauta?”

Sturla, wanda ya sha rantsuwa cewa a kan littafin nan aka yaye shi, ya lumshe ido. “To, ka san farkonsa da nauyi…” Sauran mazan duk suka nutse har haɓa.

Ana gab da sauke fitilun Kirsimeti suka kai shafi na ƙarshe. Torfi ya karanta, ya juya bango, ya leƙa ko wani shafi ya maƙale.

“Shi ke nan? Kwalekwalen ya ruɓe a bakin teku, ba wanda ya hau?”

“Shi ke nan.”

“Wannan ai cin amana ne!”

Oddný ta yi dariya har tana share ido da bakin bargo. “Ba kai ne kake cewa ƙarshen ya fi daɗi ba?” Ta laluba ta tura masa cakulan na ƙarshe a baki. “Kashe injin, tsoho. Yanzu Kirsimeti ya zo.”