Karan masallacin da ya rage a dutsen su Inna

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar Shanono, ni da kawuna. Kakata Inna ce ta aike mu. Ciwon ciki ya matsa mata, ta ce ita ba ta son komai sai karan masallaci na dutsen ƙauyensu. Kuɗin mota ya hau, direba kuma ya danna mu kamar buhunan gero. A wajen Watari muka sayi ƙosai, rabinsa mai ne.

Ga wanda bai san karan masallaci ba, ɗan tsiro ne kore mai kusurwa huɗu, ba ganye, furensa ja mai duhu, ga wari. Kada ku haɗa shi da tinya. Ita in ka karya ta farin ruwa take fitarwa mai ƙona ido, shi kuwa ruwansa garau yake.

Inna ta ce lokacin tana yarinya ya lulluɓe dutsen. Mu dai mun tarar gonaki sun kai har gindinsa, masu fasa dutse sun cinye rabi. Muka yi ta hawa da sauka, ni ina ta mita, har wata tsohuwa mai tsintar itace ta nuna mana wani tsagi. Gindi ɗaya tak. Ta ce masu magani ke tumɓuke shi da saiwa, su kai Kano buhu-buhu.

Kawu ya zaro wuƙa. Na ce, "Kawu, in muka kwashe wannan, shi ke nan fa."

"Uwata na kwance, ke kina yi min wa'azi?"

Ni dai ban matsa daga wurin ba. Barinsa ma ba dabara ba ce, masu guduma sun kusa isowa.

Tsohuwar ta ce, "Ku kai shi maƙabarta mana. Can ba mai noma, ba mai sara."

Muka haƙo shi da ƙasarsa. Mata ba sa shiga, sai na tsaya bayan shinge ina kallon Kawu durƙushe yana dasa shi kusa da kabarin mahaifin Inna. Ya daɗe bai miƙe ba. Reshe biyu muka yanko.

Da muka dawo gida Inna ta juya su a tafin hannunta. "Ina saura?" Na faɗa mata. Ta ce, "Jiƙa min ɗaya. Ɗayan ki dasa a kasko."

Abin da na gano a tafiyar nan, tsiron da ya lulluɓe dutse yana iya ƙarewa cikin rayuwar mace ɗaya. Kuma a ƙauyen su Inna yanzu, mamata kaɗai ke da filin da ba a taɓawa.