Doña Elbia da Ragowar Jinin Ɓeraye

Ranar Talata, tara ga Afrilu, ina zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ƙasarmu, 'yarki Noemí ta kira ni ta ce, "Don Rufino, Mama ta cika." Na ajiye butar. Ƙoƙon nan ma ke kika ba ni shi, Doña Elbia Etchegaray.

Shekara talatin da ɗaya kina kula da ɗakin ɓerayen gwaji a cibiyarmu ta binciken magunguna da ke nan birnin Córdoba, ni kuma ina bene gaban injin awon jini. A da, in ana son sanin ko sabon magani ya ci hanjin ɓera, sai an kashe shi an farke cikinsa. Abin bai taɓa kwanta miki ba. Ragowar jinin da ake ɗiba daga wutsiyarsu, wanda kowa ke zubarwa, sai ki adana a firji, kowace kwalba da kwanan wata da lambar ɓera. Har faɗa aka yi miki, wai kin cinye wurin ajiye abincin rana.

Wata rana kika hawo da kwali kika dire mini. "Tsoho, tunda injin nan naka hamma yake yi kamar mai shi, auna mini waɗannan." Na ce, "Doña, sarauniya kike so ɓeraye su naɗa ki?" Kika ce, "Su dai sun san da zamana."

Na auna. Duk ɓeran da aka tarar hanjinsa ya lalace, wani sinadari da hanji ke sakawa cikin jini, sitrulin, ya riga ya ragu tun kafin dabbar ta fara zawo. Ashe ɗan jini kaɗan ya isa, ba sai an sa wuƙa ba.

Muka kai wa shugaban sashe, Dakta Brizuela, sakamakon. Takardar binciken ta fito a wata mujallar kimiyya da sunaye shida. Ke aka jefa ki can ƙasa, cikin "ma'aikatan ɗakin dabbobi" da ake yi wa godiya. Wai al'ada ce, mai wanke keji ba ya shiga sahun marubuta. Nawa sunan ne na uku. Na ga jerin kafin a buga, na yi shiru, saura mini shekara biyu in yi ritaya. Washegari kika miƙo mini ƙoƙo kamar kullum, kika ce, "Sha, malamin takarda." Iyakar gorin da kika taɓa yi mini ke nan.

A wurin jana'izarki Dakta ya aiko da furanni, sunansa da ruwan zinariya, ana hango shi daga bakin ƙofa. Nan ma naki bai samu wuri ba.

Jiya na rubuta wa mujallar: su sa sunanki, ko su cire nawa. Na makara da shekara goma sha ɗaya.

Allah ya jiƙanki, ya ba ki hutu, shi da sunan kowa ba ya ɓace masa. Noemí, ke da yara, Allah ya ba ku haƙuri. In kun je kabarinta, ku roƙa mini gafara.