Uwaisu da Teburin Fitilu

Daga Bompai har Sharada, har ka dangana da Challawa, ba a taɓa yin mutumin da ya san haske kamar Malam Uwaisu ba. Wannan magana ba ta da shakka, domin shi da kansa ya faɗe ta, a gaban shaidu, a teburin mai shayi, kuma ba sau ɗaya ba.

Daga wani ƙauye na ƙasar Ringim ya zo Kano lokacin yaƙin basasa, ya sami aikin lebura a wani kamfanin yin kwanuka da tasoshi a Bompai. Aikinsa na farko riƙe tsani ne. Ya yi ta riƙe wa wani tsohon mai gyaran wuta tsani har tsohon ya gaji ya koma garinsu. Uwaisu ya ɗaga kai ya ga ba kowa a sama, sai ya hau. Tun daga ranar ya zama mai wutar kamfani. Ya yi aure, ya kama haya a Dakata, ya sayi keke, ya riƙa yawo da filaya a aljihu ko ɗaurin aure za shi.

Girmansa na rana ɗaya ne a shekara. Duk ƙarshen shekara kamfani kan tara ma'aikata a babban ɗakin cin abinci, a kafa dandamali, manya su yi jawabi, a karrama waɗanda suka daɗe a aiki, 'yan sashen fenti su yi wasan kwaikwayo. Uwaisu yakan tsaya a gefen dandamali, jikin allon makunnai, inda kowa ke ganinsa. In ya ja hannun babban makunni ƙara ta tashi, wani lokaci har da tartsatsi, mata su ce wayyo. Yakan ɗan bar ɗakin cikin duhu kafin ya kunna, don jama'a su tuna yana nan.

A 1988 kamfani ya sayo sababbin kayan fitilu daga waje, ya kuma ɗauki Falalu. Falalu ɗan kwalejin fasaha ne, mai fara'a, mai gaisuwa har ƙasa. Wannan ya fi komai ɓata wa Uwaisu rai, don da ya zo da rashin kunya da an san inda za a kama shi.

Kayan ba su da wata kwarjini. Kowace fitila da ɗan akwatinta a sama. Waya ɗaya siririya ta fito daga wani ƙaramin tebur, ta shiga akwatin farko, ta fita ta shiga na gaba, har na ƙarshe. A jikin kowane akwati akwai 'yan makunnai a jere, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba, da su ake ba fitila lambarta. A kan teburin kuma akwai 'yan sanduna masu zamewa. In ka tura ta uku sama, fitilar da aka ba lamba uku ta amsa, sauran su yi kamar ba su ji ba.

"Kamar gidan waya ne, Baba," in ji Falalu. "Kowace fitila da adireshinta."

"Da nake kunna su ba adireshi, ɓacewa suke yi?"

"A'a, Baba, ai ku ne kuka..."

"To, Injiniya. Mu dai 'yan tsani ne."

Haka kuwa Alhaji Isyaku, manajan ma'aikata, ya raba aikin: Falalu a tebur, Uwaisu a sama yana sa lambobi. Teburin ya zo da kujera mai juyawa. Uwaisu bai taɓa samun kujera a kamfanin nan ba. Daga kan tsani yake hangen Falalu yana juyi, yana tura sanda da yatsa ɗaya, 'yan matan ofis sun kewaye shi suna cewa ya sake. Ko tartsatsi babu, amma suna tafi.

A gida matarsa Atika ta gaji da ji.

"Malam, ko Falalun nan zan zuba wa tuwon? Tun da ka shigo shi kaɗai ne a gidan nan."

"Yaron da bai taɓa jin wuta ta ja shi ba!"

"To, Allah ya sa ta ja shi mu huta."

Falalu ya nuna wa Uwaisu yadda ake haɗa lamba: makunni na farko ɗaya ne, na biyu biyu, na uku huɗu, in kana son bakwai ka ɗaga ukun gaba ɗaya. Uwaisu ya yi kamar rufin ɗaki yake kallo, amma ya haddace. Falalu ya ce a fara daga hagu a tafi dama. Da Uwaisu ya hau, sai ya ga fitilar farko ta hagu lungun da ake ajiye tsintsiya take haskawa, ta kan kujerar shugaban kamfani kuwa tara za ta samu. Ya ga wannan ba tarbiyya ba ce. Ya sa lambobin yadda ya dace.

Da aka zo gwaji, Falalu ya tura ɗaya, ta tsakiya ta kama. Ya tura biyu, ta dama ta kama. Ya tura uku, haske ya tsallaka hagu.

"Baba, kamar lambobin sun cakuɗe."

"Ba su cakuɗe ba, an tsara su ne. Kai in ka shiga taro, na bakin ƙofa kake fara gaisarwa?"

"Amma fitila ce, Baba."

"Fitilar wa? Kowace fitila akwai wanda ke ƙarƙashinta."

Alhaji Isyaku ya ji hayaniya ya leƙo. Ya saurari kowa da haƙuri irin na shugaba, sannan ya tambayi lambar fitilar da ke kan tasa kujerar.

"Biyu, ranka ya daɗe," in ji Uwaisu. "A tsarin Injiniya kuwa goma sha ɗaya ce, bayan ta akanta."

Alhaji Isyaku ya ce shi bai san harkar wuta ba, amma a bar abin yadda dattijo ya yi.

Daga nan tsari bai sake zama wuri ɗaya ba. Aka ce wani babba daga ma'aikatar gwamnati zai zo, Uwaisu ya hau ya rage wa kowa matsayi. Aka ce surukin shugaba ma zai halarta, ya sake hawa. Duk safiya sai Falalu ya tarar uku ta koma biyar. A ƙarshe ya yi dariya, ya miƙe, ya kakkaɓe kujerar.

"Baba, ku zauna kawai. Ku kuka san wa ya fi wa."

Uwaisu ya so a ce an yi rigima kafin ya samu, amma ya zauna. Ya juya hagu, ya juya dama.

Ranar taro ya zo da sabuwar shadda, ya tarar an ƙaro kujerun baƙi, an mayar da teburin fitilu cikin ɗan sito da ke bayan ɗaki, mai taga kamar faifai. Ya shiga, aka ja ƙofa don kada hasken sito ya dami jama'a. Bayan magariba aka fara. Ya haska shugaba, ya haska baƙo daga ma'aikata, ya haska suruki, kowa gwargwadon girmansa, ba kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya waiwaya.

Sai Alhaji Isyaku ya fara kiran waɗanda suka cika shekara ashirin a aiki. Duk wanda ya hau dandamali a ɗaga masa fitila, ya karɓi agogon bango, a ɗauki hoto, a sauke. Uwaisu ya san yana cikinsu, don haka ma ya ɗinka shaddar. Abin da bai lissafa ba shi ne tebur ba ya tura kansa.

"Malam Uwaisu, mai wuta!"

Ɗaki ya ɗauki tafi. Falalu ya turo ƙofar sito yana haki.

"Baba, ku ake kira. Ku je, ni zan riƙe muku."

Uwaisu ya dubi dandamali ta taga. Ya dubi hannun Falalu, wanda har ya kai kan kujerar.

"Riƙe me?"

"Teburin, Baba. Yanzu za ku dawo."

"Haka ake cewa. Je ka karɓo mini."

"Baba, sunanku fa..."

"Na ce je ka."

Falalu ya tafi. Da ya hau dandamali, Uwaisu ya tura sandar har ƙarshe, don kada gobe a ce bai iya aiki ba.

Bai sake barin kujerar ga kowa ba har ya yi ritaya. A kalandar kamfani ta 1989 akwai hoton Falalu yana karɓar agogo, haske ya fito da shi tas. A ƙasan hoton an rubuta: Malam Uwaisu, shekara ashirin.