Wutsiya a Bayan Darni

A gidanmu na Fagge wutar murhu ba ta mutuwa da wuri. Da an sauke tuwo, Kaka Falmata, mahaifiyar babanmu, takan jawo tabarma kusa da garwashi mu kewaye ta, kukan jirgi na tasowa daga tasha. 'Yar Barno ce, Hausarta da gargada, amma gargadar ce gishirin tatsuniyarta.

"Ga ta nan ta iso ƙofa," in ji ta.

Mu ce, "A buɗe mata!"

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta matar da ta leƙa ta kafar darnin maƙwabcinta, ta hango wutsiyar doki tana kaɗawa. Lokacin kuwa dokin sarki ya ɓata. Ta ruga fada ta rantse ta gan shi, ja ne, har da farin ƙafa. Aka ɗaure maƙwabcin. Uwarsa ta roƙi a kwantar da darnin kafin a yanke hukunci. Ana kwantarwa sai ga izga rataye a reshe, iska na wasa da ita.

Yayana Bukar ya ce, "Maƙaryaciya!"

Kaka ta girgiza kai. "A'a, ɗan nan. Ido ya ba ta wutsiya, zuciya ta ƙarasa mata dokin. Ita kanta ba ta sani ba."

Hoton Kaka ɗaya ne a duniya, wani Ibo mai shago a Sabon Gari ya ɗauka. Na sha kwatanta wa 'ya'yana shi: tana kan kujera, ƙafafu sun sha lalle, buta a gefe. Bara ya fito daga akwatin gwaggonmu a Kwaciri. Iyakarsa ƙirji.

'Yata ta ce, "Umma, ina lallen?"

Har juya hoton na yi, sai ka ce ƙafafun na baya. Muka yi ta dariya, ni har da hawaye.

Tun ranar, in na ji bakina zai ce "da idona na gani" a kan wani, nakan ɗan dakata. Amma ban ga laifin zuciyata ba. Ƙafafun nan ni ke matsa su kowace yamma. Mai hoto ya yanke su, zuciyar kuwa ta ƙi yarda.