Rigar da Na Warware

Saƙar hular sanyi nake yi, ta yara da ta manya. Wanda zai yi dariya ya yi, 'yan majalisar unguwarmu a Kazaure sun riga shi tun da daɗewa.

A da, acaɓa nake yi. Na faɗi a hanyar Roni, ƙafar dama ta karye, mai ɗori ya ɗora ta yadda ya ga dama, ta warke a gajarce. Wata biyar ina kwance. Waɗanda nake ɗauka kyauta a babur babu wanda ya leƙo ni sau biyu. Matata ce ta gaji da ganina ina kallon azara, ta ɗora min katakon saƙarta a cinya. Zobe ne na katako, kafinta ya jera masa ƙusoshi a kewaye. Ka zagaya zare a kowace ƙusa, ka sake zagayawa, ka sa ƙugiya ka ɗago na ƙasa ka tsallakar da shi kan na sama. Haka za ka yi ta yi har hula ta fara leƙowa ta ƙarƙashi. Ta ce ko jaki aka nuna wa sau uku zai iya. Sau biyar ta nuna min.

Sabon ulu ya fi ƙarfina, don haka rigunan sanyi na gwanjo nake saye in warware. In nemo bakin zaren, in ja, in naɗe shi a ƙafar kujera, in turara shi a kan tukunyar ruwan zafi don ya miƙe. Ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, ruwan hoda, kowanne da curinsa. Na yara in sa musu tuntu a ka. Rigar wa ce, yana raye ko ya mutu, ban taɓa tambaya ba.

Ita ba ta damu da katakon ba, da allura biyu take saƙa. Akwai rigar sanyi guda da ta yi wa kanta lokacin tana da cikin 'yarmu ta fari. Zare biyu ta murɗa wuri ɗaya, kore irin na ganyen gyaɗa da siririn ruwan ɗorawa, don kowanne shi kaɗai ya yi siranta. Ba za ka ga irinsa a kasuwa ba. Sama da shekara ashirin tana sa ta, da ita take hura wuta da safe, da ita take zuwa barka.

Ta rasu bayan an gama cire gyaɗa. Kwana huɗu ta yi tana zazzaɓi. Ba zan faɗi fiye da haka ba.

'Yar tamu tana aure a Kanya Babba. Ta zo zaman makoki da tsohon ciki ta koma, ranar da mata suka taru rabon tufafi kuwa tana jego, ba ta samu zuwa ba. Ƙanwar matata ce ta raba, wadda 'yar tamu ke kira Inna. Wannan ƙanwa abokiyar wasata ce tun ranar da na fara zuwa zance gidansu, tun da na kama saƙa angon ƙusa take ce min, ni kuma in ce mata amaryar da aka rasa mai saye. Ta ninke koriyar rigar ta kawo min ɗaki da hannunta.

«Wannan ta 'yarka ce,» in ji ta. «Ka ajiye mata. Kada in zo ka ce min ɓera ya ci, na san ɓeran.»

Na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa.

In an tambaye ni zan ce sanyi ne ya shigo da wuri, gwanjo ya yi tsada, ba ni da zare. Duk gaskiya ne. Amma ina da shuɗi curi uku a buhu. Abin da ya faru shi ne rigar ta riƙe kafaɗunta. In na shigo daga masallaci na tura ƙofa, sai hannun rigar ya motsa. In na zauna aiki, tana bayana. Ƙamshin hayaƙi da man kaɗanya bai bar ta ba. Na sa ta a akwati, na kasa, na fito da ita. Wata rana da hantsi na ga zare ya ɗan fito a bakin hannun hagu. Hannuna ya saba. Na ja.

Kafin azahar babu riga. Wurare uku na ci karo da ƙullin da ta yi inda zare ya ƙare mata, na san ƙullinta, da haƙori take ja. Da na ɗora zaren a kan tukunya tururi ya taso, ƙamshinta ya cika tsakar gidan gaba ɗaya, kamar yanzu ta gifta. Daga nan bai sake dawowa ba.

Hula bakwai suka fito, biyar na yara, biyu na manya. Ban taɓa yin kayan da suka tafi da sauri kamarsu ba. Kowa ya ɗaga tarin sai ya zaro koriyar.

Da 'yar tamu ta gama wankan jego ta zo da jaririn. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ita ma ba ta zama kusa da ni. Ta durƙusa daga bakin ƙofa muka gaisa, ta yi ta jan magana, sannan ta ce an gaya mata akwai rigar Umma a wurina. Ba sawa za ta yi ba, in ji ta, so take ta riƙa lulluɓa wa yaron.

Na ce, «Innarki ta tafi da ita.»

Haka kawai ya fito. Na ɗauka za ta je ta tambaya, a yi 'yar hayaniya, asiri ya tonu, a zage ni a wuce wurin. Na manta 'yar wa ce. Ba ta tambaya ba. Ta ce to, ta goya ɗanta ta tafi. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke ƙafa. Innar da ta yi mata kitso tun tana rarrafe, ta raka ta ɗakin miji, ta daina zuwa gidanta. In sun haɗu a biki ta gaishe ta a tsaye. Innar ta ɗauki kayan miya ta je har Kanya Babba, aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida aka bar ta da kaji.

Innar ta zo ta same ni ina saƙa a ƙofar gida. Ta fara da wasan, ta ce angon ƙusa an ƙara tsufa, ƙafar ma kamar ta ƙara gajarta. Sai muryarta ta canja.

«Yaya, don Allah me na yi wa yarinyar nan? In laifi ne a faɗa min in ba ta haƙuri, ko da ni na haife ta.»

Na ce yaran yanzu ne, wa ya san kansu. Ban ɗago daga katakon ba. Ta zauna har na gama zagaye biyu, ta tashi.

Daga nan na fara ganinsu. Ba mafarki ba, ido biyu, da rana tsaka. Ina zaune a kasuwar Gwiwa na baza kaya, sai na hango koren nan yana tafiya a tsakanin buhunan gero, daidai tsayin ƙugu. Har na miƙe tsaye kafin in gane yaro ne. Na ja ƙafa na bi shi har wurin masu nono. Na ce wa uban zan ba shi sababbi biyu, ya zaɓa da kansa, ya ba ni wannan. Ya dube ni, ya dubi ƙafata, ya jawo yaron bayansa.

«Malam, hular da ta sha gumin kan yaro, me za ka yi da ita?»

Mutane suka fara taruwa. Wani ya ce ai gurgun nan mai hula ne, an san shi. Wani ya ce ai sanannun ne suke yi. Uwar ta cire hular ta tura cikin zani tana tofa wa yaron addu'a a ka. Ban ga laifinsu ba. Ni ma in baƙo ya nemi abin da ya taɓa gashin jikana haka zan yi. Na kwashe kayana tun kafin kasuwa ta ci.

Biyu a Babura na sayar, wani mutum ne ya biya da sefa, sun tsallake iyaka. Ɗaya wata mata a tasha, ko fuskarta ban riƙe ba. Ɗaya na bi sawunta har wani gida a Roni, matar ta aiko a ce min yaron ya rasu tun bara, kayansa an yi sadaka da su. Na tsaya a ƙofar gidan ban san ta'aziyyar wa zan yi ba. Ɗaya ko da wuƙa aka sa min ba zan tuna ba. Ta bakwai a kan wani ɗan acaɓa na gan ta, shi ko a jikinsa, ya cire ya miƙo min ya ɗauki ja, yana cewa dama ta yi masa datti.

Na ajiye ta a aljihu wata da watanni. Har lokacin ina gaya wa kaina in na tara su zan mayar da riga. Da katako mai ƙusa ba a saƙa riga mai hannu irin tata, na sani.

A shekara ta uku 'yar tamu ta sake samun ciki, ya zo mata da laulayi mai tsanani. Mijinta ya zo ya same ni. Ya ce uwarsa ta tsufa, ba za ta iya ɗora ruwan jego ba, shi ya ce a kira Inna, matar tasa kuma ta rantse gara ta yi wankanta ita kaɗai. Ya ce ya rasa gane kanta, ko zan sa baki.

Na hau mota na tafi. Na same ta zaune a inuwa, ƙafafunta sun kumbura. Ta yunƙura za ta durƙusa na ce ta zauna. Na fito da hular na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Ta koɗe, bakin ya yi baƙi, amma ruwan ɗorawar yana nan cikin koren. Ba sai na yi dogon bayani ba, amma na yi. Na ce innarta ta kawo min da hannunta, ni na warware, ni na sayar, ni na yi ƙarya.

Ta ɗauka ta kai hanci. Fetur ne da man gashin wani ƙato. Ta mayar ta ajiye.

«Guda nawa suka fito?»

«Bakwai.»



«Baba, shekara uku ina gaida Inna a tsaye.»

Ta sa aka kawo min ruwa da fura, na sha don kada a ce ban sha ba.

Washegari, da wannan kumburin, ta sa mijinta ya kai ta gidan innar. Abin da suka faɗa wa juna ba a gaya min ba, ban kuma tambaya ba. Innar ce ta yi mata jego, kwana arba'in cif, ita ta dafa ruwa, ita ta dama kunun kanwa. Ranar suna na je, aka ba ni wuri cikin dattawa, aka kawo min tuwo da nama mai yawa. Babu wanda ya ce min uffan, har yau.

Sati biyu bayan ta gama wanka mijinta ya zo da motar a-kori-kura. Ya durƙusa ya gaishe ni, yana ta sosa ƙeya, ya ce an aiko shi ya ɗauki sauran kayan Umma. Kwanukan jere, turmi, tabarmar sallarta, allurar saƙa guda biyu, har ludayin da ya tsage. Na taya shi ɗaurewa, don igiyar da ya zo da ita ba ta isa ba.