Mutumin Da Zai Ce Ya San Ni

A ƙauyenmu, idan an kwashe tuwon dare, kakata Iya ba ta bari a kashe murhu. Takan ja tabarmarta kusa da garwashi, ta miƙe ƙafafunta masu ciwo, mu kuwa jikoki mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa domin ya sami gefen da hayaƙi ba ya bi. Ba ta fara magana sai an yi tsit. Sa'an nan ta ce, "Wata ta taho daga nesa, a ba ta wuri?" Mu amsa baki ɗaya, "A ba ta, Iya!"

Yau na tsufa, na yi ritaya daga aikin koyarwa da daɗewa, ina zaune ni kaɗai a gidana da ke unguwar Makera a Kaduna. Abin da ya dawo mini da muryar Iya kuwa, abin mamaki, wayar hannu ce.

Wani tsohon abokin aikina, Malam Isiyaku, ya faɗa hannun 'yan damfara. Sun kira shi da ladabi, suka nemi lambobin da aka aiko masa, shi kuma ya karanta musu. Kafin la'asar an kore shi daga asusunsa na waya, hotunan iyalinsa duka sun salwanta. Da na ji haka hankalina ya tashi, domin a cikin nawa asusun akwai saƙonnin murya na marigayiya matata, Hajiya Rabi. Ba wasu manyan zantuka ba ne. Tana tuna mini in sha magani, tana tambaya ko na biya ta kasuwa. Amma su ne kaɗai suka rage mini na muryarta.

Na sa tabarau, na zauna a kan teburin karatuna, na shiga saitunan wayar da kaina. Na kunna abin da suke kira tsaro mai mataki biyu. Ma'anarsa ita ce kalmar sirri kaɗai ba ta isa buɗe asusu ba, sai an haɗa da wasu lambobi da wayar da kanta take fitarwa, suna sauyawa a kai a kai. Na ɗora yatsana ta karɓa. Ban yi kuskure ko ɗaya ba, har na ji daɗin kaina. Sai ta zo da buƙata ta ƙarshe: in ba ta lambar wani amintacce, wanda zai taimake ni idan wayar ta ɓace ko na manta kalmar sirrina. A nan hannuna ya tsaya, kuma a nan na tuna da tatsuniyar baƙon ƙofa.

Iya ta ce an yi wani falke da ya bar garinsu yana saurayi, bai waiwayo ba sai da furfura. Garin na da ganuwa, kuma al'adarsu ita ce mai shiga ya faɗi kalmar da 'yan gari kaɗai suka sani, sa'an nan wani daga ciki ya fito ya ce ya san shi. Falke ya faɗi kalma daidai. Mai gadin ƙofa ya ce, "Madalla. To, wa zai fito maka?" Ya ambaci mahaifiyarsa, aka ce ta rasu. Ya ambaci yayansa da abokan wasansa, aka ce wasu sun rasu, wasu sun yi ƙaura.

Ya shimfiɗa buzunsa a bakin ƙofa ya zauna. A wurin akwai mata masu sayar da fura da masu itace, kullum suna gaishe shi, shi kuwa sai dai ya ɗaga musu hannu, domin a ganinsa ba sa'anninsa ba ne. Kowace safiya yakan miƙe ya sake jero sunayen matattu.

"Iya, ya shiga daga baya?" in ji ƙanwata Ladi.

"Ya shiga ina, 'yar nan? Da ya buɗe baki ya tambayi mai fura lafiyar 'ya'yanta, ai kafin wata guda ya cika za ta ce ta san shi. Amma girman kai ya toshe masa maƙogwaro. Yana can har yanzu. Ku tashi, tatsuniya ta koma gidansu."

Mun yi ta dariyar wautar falke. Har wasa muka mai da shi, ɗaya ya tsaya a zaure yana kiran sunaye, sauran suna amsa masa da "Ya mutu!"

Na sa lambar ɗana na fari da ke aiki a Fatakwal. Wayar ta aika masa da gayyata, ta ce sai ya amince. Kwanaki suka wuce tana nuna mini cewa ana jira. Na kira shi, ya turo saƙo: "Baba, ina taro, zan kira ka." Ban zarge shi ba, yaro ne mai hidima da yawa. Na bi sauran sunayen da ke cikin wayata ɗaya bayan ɗaya. Da yawansu na raka su makwanci da ƙafata, ban dai iya share lambobinsu ba.

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Bulus, mutumin kudancin Kaduna, tsohon direba da ya yi aiki a wajen unguwar Rido. Shekaru muna gaisawa daga nesa. Ranar da Hajiya ta rasu shi ya jera kujeru a ƙofar gidana, na gode masa, ban taɓa shiga nasa gidan ba. Da yamma na sa babbar rigata da hula, na je na yi sallama.

"A'a, Baba Hedimasta da kansa! Lafiya kuwa? Maman Grace, kawo kujera mai kyau, yau muna da babban baƙo!"

Na yi masa bayani a tsanake, na ce ba zai ga komai na cikin wayata ba, shaida kawai zai zama. Ya yi dariya ya ce, "Ko zan gani, da wane ido? Turo kawai, Baba." Saƙon ya shiga, ya amince nan take. Sa'an nan ya sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri fa. Ina so in ajiye lambarka da kyau. Mene ne ainihin sunanka?"

Hajiya ba ta taɓa furta shi ba saboda kunya, 'ya'yana Baba suke cewa, ɗalibaina kuwa Malam. Masu kirana da shi kai tsaye duk suna ƙarƙashin ƙasa. Na ce, "Sa'idu."

"Sa'idu," ya maimaita yana dannawa a hankali. "To, zauna mana, an kusa sauke shayi."

Muryar Hajiya ta tsira. Ni kuma na zauna.